Wata biyu a Japon: karatu ne ko yawo?

Japon ƙasa ce ta tsibirai, can gabashin Asiya. Babban birninta Tokiyo. Mutanenta sun fi miliyan 120. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Yamai, to a Tokiyo ƙarfe 8 na dare ne.

Kowace shekara, lokacin babban hutu, ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna zuwa Japon. Suna yin mako shida ko takwas, tsakanin Yuni da Agusta, suna koyon harshen ƙasar da al'adunta. Waɗansu mutane suna cewa wannan ba karatu ba ne, yawo ne da ɓarnar kuɗi. Tafiyar tana da tsada ƙwarai, don haka ya kamata a auna maganarsu.

Akwai inda suke da gaskiya. Wata biyu ba su isa mutum ya iya harshen Japon ba. Rubutunsa iri uku ne. Na farko hiragana, mai alamu 46. Na biyu katakana, shi ma 46. Da katakana ake rubuta kalmomin aro da sunayen ƙasashen waje: Nijar takan zama "Nijeeru". Na uku kanji, wanda aka aro daga ƙasar Sin. Kowane kanji yana da ma'anarsa, kuma yawancinsu ana karanta su ta hanya fiye da ɗaya. Alamar babban dutse, wani wuri a ce "yama", wani wuri a ce "san".

Yaron Japon yana koyon kanji 80 a aji ɗaya. Kafin ya gama aji shida ya koyi 1,026. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010, don jarida da takardun yau da kullum, yana da 2,136. Makarantar da ke horar da jakadun Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar awa 2,200 cikin aji kafin ya iya aiki da harshen. Ɗalibin hutu fa? In yana awa 4 a yini, kwana 5 a mako, har mako 8, awa 160 ke nan. Ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Duk wanda ya tafi da niyyar komowa gwani, ya ruɗi kansa.

Amma tafiyar ba banza ba ce, domin akwai abin da littafi ba ya bayarwa. Na farko shi ne kunne. A harshen Japon, jan wasali yana sauya ma'ana: "obasan" gwaggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka. Ninka baƙi ma haka: "kite" na nufin zo, "kitte" kuwa tambur na wasiƙa. A nan mai jin Hausa yana da sa'a. Tun yana ƙarami ya san bambancin baba da babba, da bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Sai dai kunne ba ya sabawa sai da ji safe da yamma, a kasuwa, cikin jirgin ƙasa, da bakin akushi.

Na biyu shi ne sanin wanda ake yi wa magana. Cin abinci kaɗai yana da kalmomi dabam dabam. Tsakanin abokai a ce "taberu". In babba ne ke ci, a ce "meshiagaru", don girmama shi. In mutum yana faɗin nasa ci gaban babba, sai ya ce "itadaku", ya ƙanƙantar da kansa. Littafi yana iya jera kalmomin nan uku. Amma sanin wadda ta dace da malam, da wadda ta dace da aboki, sai an zauna da mutane. Yaron da ya san ba a gaishe da tsoho a tsaye ba zai yi mamakin wannan ba.

Saboda haka, ribar tafiyar tana rataye bisa sharaɗi biyu.

Sharaɗi na farko: a yi shiri tun daga gida. Hiragana da katakana ba su bukatar jirgin sama. Mai himma yana iya koyonsu cikin ƴan makonni, da littafi da alƙalami. Wanda ya sauka Tokiyo bai san su ba, zai ɓata kwanakinsa na farko bisa abin da ya kamata ya gama a ɗakinsa. Wanda ya san su kuwa, ran da ya sauka zai soma haɗa baƙi a allunan tasha da na kantuna.

Sharaɗi na biyu: a zauna da ƴan ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibin da ya kwana cikin ƴan uwansa baƙi, da Ingilishi ko Faransanci za su yi ta hira, awa huɗun aji su tashi a banza. Wanda ya sauka gidan mutanen Japon, yininsa duka karatu ne. Zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa. In ya komo gida ya ce "tadaima", a amsa masa da "okaeri". Kafin ci ya ce "itadakimasu", bayan ci ya ce "gochisosama". Zai yi kuskure, a yi murmushi, a gyara masa. Wanda ke jin kunyar kuskure, bakinsa ba zai buɗe ba.

Lokacin hutun ma yana da nasa darasi. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli ana ruwa a yawancin ƙasar, sannan zafi mai gumi ya biyo. A birnin Kiyoto ana bikin Giyon cikin Yuli. Ran 17 ga wata, maza suna jan manyan amalanke masu ado da igiya. Tsakiyar Agusta lokacin Obon ne: mutane suna komawa garuruwansu, suna share kaburburan kakanninsu. Ran 6 ga Agusta, da ƙarfe 8 da minti 15 na safe, ana yin shiru a Hiroshima, don tunawa da bom ɗin da Amurka ta jefa a 1945. Ɗalibin da ya tsaya cikin wannan shiru ya fahimci abin da ba a rubuta bisa allo.

Wanda ya cika sharuɗɗan nan biyu zai komo da kunne a buɗe, da baki mai motsi, da abokan da zai riƙa rubuta wa wasiƙa. Sauran aikin na shekaru ne, kuma a gida za a yi shi. Wanda bai cika su ba, hotuna kaɗai zai kawo, kuma masu cewa yawo ya tafi sun yi gaskiya.

Tambayoyi

1. Rubutun Japon iri nawa ne? Wanne ake koyo tun daga gida?
2. In ɗalibi yana awa 4 a yini, kwana 5 a mako, awa nawa zai yi cikin mako 6?
3. A kawo kalmomin Hausa biyu waɗanda ninka baƙi ya bambanta su.
4. In baƙo ya zo koyon Hausa na wata biyu, ina ya kamata ya sauka? Don me?