Da Ido Suke Ɗanɗano

A Bordo ta Faransa ana gauraya inabin Cabernet Sauvignon da Merlot a yi jar giya. Mai sharhi ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce ya ji ƙamshin fata da ganyen taba, ya yanka maki, farashin kwalba ya tashi.

To, a 2001 masu bincike a jami'ar garin suka rina farar giya ta koma ja, suka miƙa wa ɗalibai 54 masu nazarin giya. Suka shinshina, suka siffanta ta da kalmomin jar giya. Ashe launi ne ya yi hukunci, hanci ya bi sahu!

Wannan ba ƙwarewa ba ce, burga ce. Masu sharhin littattafanmu da ke yabon suna kafin su buɗe shafi, da ku nake.