Idan fata ta saluɓe bayan allurar rigakafi, mine ne abin yi?



Wata rana na je zagayen cibiyoyin yaƙi da jahilci a wani ƙauye. Na tarar rabin matan aji ba su zo ba. Wai yarinyar ɗaya daga cikinsu ta kwanta, kwana goma bayan an yi mata allurar rigakafi. Idanunta sun yi ja, bakinta ya fashe, fatarta tana saluɓewa kamar wadda ta ƙone. Gari ya ɗauka cewa allura ce. Da aka kai ta gidan likita, aka tambayi uwar, sai ta fito da ƙwayoyin Bactrim da ta saya a kasuwa, tana ba ta tun makon allurar.

Wannan ciwo likitoci sun san shi. Suna kiran sa Stevens-Johnson, sunan likitoci biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922. Jiki ne ke ƙin wani magani, sai ya juya yana yaƙar fatarsa. Yakan fara bayan kwana 4 zuwa mako 4 da soma shan maganin. Magungunan da suka fi jawo shi sun haɗa da Bactrim, da Fansidar, da Gardenal na farfaɗiya. Allurar rigakafi ma tana iya jawo shi, amma da wuya ƙwarai.

Ya kamata mu san bambanci. Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, da ɗan kumburi a wurin allura, ba abin tsoro ba ne. Allurar ƙyanda, wadda muke kira dusa, takan kawo ƙananan ƙuraje bayan mako guda, su wuce da kansu. Amma zazzaɓi mai zafi tare da jan ido, gyambon baki, bororo a jiki, ko fata mai saluɓewa, wannan haɗari ne ga rai.

In kun ga haka, ku tsayar da sabon maganin da ake sha, ku tafi gidan likita a ranar. In na farfaɗiya ne, likita zai canza wani. Ku tafi da takardar rigakafi da duk magungunan da aka ba yaro, har na gargajiya. Kada a shafa toka ko saiwa. Likita ya rubuta sunan maganin, don kada a sake ba shi har abada. Ku faɗa wa masu rabon maganin zazzaɓin damina, domin nasu ma dangin Fansidar ne.

A ganina, laifi biyu ne ke cutar mu. Na farko, ɓoye wa likita gaskiya don jin kunya. Na biyu, yaɗa maganar da ba a bincika ba, har uwaye su guje wa rigakafi. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1995 ya san abin da rashin allura ke yi. Su ma ma'aikatan lafiya, wajibi ne su saurari uwa, su rubuta abin da ya faru, su kai rahoto sama.

Yarinyar ta warke. Uwarta kuwa yanzu tana karanta sunan kowane magani kafin ta buɗe shi. Amfanin karatunmu ke nan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.