Kantin mai gona da hanyar fursuna: darasin da muke tsallakewa

Malamai ƴan'uwana, ina da ƙorafi a kan yadda muke koyar da tarihin bauta a Amurka. Mukan ce a 1865 aka haramta ta, mu rubuta sunan Lincoln a allo, mu wuce. Yaro ya tashi da zaton tun daga ranar kowa ya zama mai kansa. Wannan rabin labari ne, kuma rabin da muke bari shi ne ya fi shafar ɗan manomi da ke zaune gabanmu.

A jihar Luwiziyana, bakin kogin Cane, akwai gonar Oakland ta iyalin Prud'homme. Kantin gonar yana nan har yau, hukuma na nuna wa baƙi, kuma a cikinsa gidan waya na yankin yake a da. Irin wannan kanti ya bazu a kudancin Amurka bayan yaƙin basasa. Wanda aka ƴanta ba gona, ba alfadari, ba iri. Sai ya koma wa mai gona a kan ya noma auduga a raba. Kafin kaka, garin masara da naman gishiri da takalmi duk a kanti zai ɗauka bashi, a farashin da ya fi na mai kuɗi a hannu. Doka ta ba mai bin bashi iko a kan amfanin gonar tun bai nuna ba. Wasu gonakin ma da ƴan takardu ko kwabban da kantinsu kaɗai ke karɓa suke biyan lada. Da kaka mai kanti ne zai auna audugar, shi zai buɗe littafi, shi zai ce saura kaza. Mutumin da dokar jihohi da dama ta hana a koya masa karatu a zamanin bauta, da me zai musa?

Za a ce ai masu gonakin ne suka matsa aka yi hanyoyi, kowa ya amfana. To, wa ya riƙe shebur? Gyaran tsarin mulki na 13 ya haramta bauta, amma ya ware wanda kotu ta hukunta. Sai aka yi dokokin kama “marar aikin yi”. Jihar Jojiya ta soke ba da hayar fursunoni ga kamfanoni a 1908, ta tura su aikin hanya da sarƙa a ƙafa, mafi yawansu baƙaƙe. Hanyar ta bi ta ƙofar kanti, ta kai injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa. Mu da kakanninmu suka fasa hanyoyin Nasara da aikin dole har zuwa dokar 1946, bai kamata a ruɗe mu da zancen “sun kawo hanya” ba.

Gaskiya hanyar ta juya wa mai ita daga baya. Da aka fara kai wasiƙu karkara a 1896, da ƙunshin kaya a 1913, manomi ya samu damar yin odar kaya daga littafin Sears ba tare da ya tsaya gaban mai kanti ba. Amma sai wanda ya iya karanta farashi.

Ga kuma Elaine, a jihar Akansas, 1919. Manoma baƙaƙe sun taru a wani coci suna neman a nuna musu lissafin audugarsu a rubuce, a biya su daidai. Aka yi musu kisan gilla na kwanaki, sannan kotu ta yanke wa baƙaƙe 12 hukuncin kisa, sai bayan shekaru na shari'a aka sake su. Lissafi suka nema, ba gona ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in uba ya cire ɗansa daga lakkol tun bai iya raba lamba ba, wai gona na jiransa. Iyaye, kun san mai ba da tiya ɗaya ta hatsi da damina ya karɓi biyu da kaka, kuma kun san a hannun wa littafin yake. Mu kuma malamai, a maimakon lissafin jirage biyu da za su haɗu a hanya, mu rubuta shafin bashin kanti a allo, da farashin hannu da na bashi, mu ce yara su nemo inda aka ci manomin. Na gwada da ajina. Wata yarinya ce ta fara ganowa, ta ce haka littafin mai shagon garinsu yake.