Kafin ku ce "sai fomat": wasiƙa zuwa ga masu gyaran kwamfuta na Jazira da Shuɗin Nilu



'Yan'uwana kuma ƙannena a sana'a, da waɗanda suka sake buɗe rumfa a kasuwannin Wad Madani da Sinnar da Sinja da Damazin, da waɗanda har yau teburinsu yake zauren gida a Maiwurno da ƙauyukan bakin kogi, ina gaishe ku da aiki, ina yi mana barka da arziki. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya.

Kun san yadda muka saba. Mutum ya shigo da kwamfuta a hammata, ya ce, "Bashmuhandis, ta ƙi tashi." Ka kunna, allo ya yi shuɗi, ka ce masa sai fomat. Kafin shayi ya huce ka share komai ka zuba sabon Windows, ya turo maka kuɗinka ta manhajar Bankak, ya kama hanya. Na yi shekaru ina haka. Yau ina roƙonku mu sake hannu: duk na'urar da ta zo teburinku, in mai ita ya yarda, ku raba faifanta gida biyu, ku bar Windows a nasa ɗakin, ku sa Linux a ɗaya. In an kunna, ta tambayi mai ita ta wace ƙofa zai shiga.

Bari in fara da abin da ke cikin waɗannan na'urori, don shi ne tushen maganar. Tun da kakanninmu suka baro Burmi a 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, wasu kuma hanyar Makka ta ajiye su nan suka kama tsinkar auduga, mu mutane ne da ake yawan ce wa "ina takardarka?" Bahaushen Sudan ya san nauyin raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, fiye da yadda maƙwabcinsa ya sani. Sai ga rikicin Yulin 2022 a Rusairis, ga na Oktoban shekarar a Wad al-Mahi, ga Disamban 2023 da Madani ta faɗi, ga ƙarshen Yunin 2024 da aka shiga Sinja. Mutane sun fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Takardun asali sun ƙone, ko an baro su a akwati cikin gidan da aka fasa. Abin da ya rage wa iyalai da yawa shi ne hoton takarda a cikin wata tsohuwar HP ko Dell: shahadar sakandare, takardar haihuwa, ƙasimar aure, takardar hawasha (gona), hotunan waɗanda ba za a sake gani ba sai a lahira. In ka yi wa irin wannan na'ura fomat ba ka duba ba, ka ƙarasa aikin da wuta ta fara.

Ni kaina na taɓa yi. Wani dattijo ya kawo mini kwamfutar ɗansa, na tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, ya ce bai sani ba. Ban tsaya bincike ba, na share. Bayan kwana biyu ɗan ya zo yana neman muryar kakansa da ya ɗauka yana tilawa kafin rasuwarsa. Na kwana ina jan faifan da PhotoRec. Wasu guntaye suka dawo, mafi yawa sabon Windows ya riga ya hau kansu. Yaron bai ɗaga mini murya ba, godiya ma ya yi ya tafi, kuma har yau godiyar nan tana ci mini rai.

Abin da ya kamata in yi a ranar bai fi minti goma ba. Sau da yawa in Windows ya ƙi tashi, faifan lafiyarsa lau, fayiloli suna nan kwance, hanyar shiga ce kawai ta toshe. Linux yana karanta ɓangaren Windows ba tare da wahala ba. Ka tashi ta Linux, ka buɗe ɓangaren, ka kwashe kayan mutum zuwa wani wuri, sannan ka yi gyaranka hankali kwance.

Na san wani zai ce, "Yaya, ai filash mai Linux a aljihuna ya isa, me zai sa in girka shi a na'urar mutum?" Ya isa a rumfarka. Amma mai na'urar malamin makaranta ne a wani kambo na 'yan ƙwadagon gona, kuma kun san baƙar ƙasar Jazira da damina, in ta sha ruwa ko kura ba ta fita. Ranar da Windows zai ƙi tashi, kai kana Sinnar, shi yana can da sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa a ciki. In akwai ƙofa ta biyu a faifansa, da kansa zai danna kibiya ƙasa, ya shiga, ya ci gaba da aiki har hanya ta bushe.

Ga kuma maganar tsufan na'urorinmu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ta buɗe ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista da asusunta, shi ma mai ƙarewa ne. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ku duba teburinku ku ƙirga nawa ne suka kai. Yawancin abin da ke hannun mutanenmu kwance ne daga Dubai da Saudiyya, zubi na uku, na huɗu, na shida. Na san akwai dabarar tsallake sharaɗin da Rufus, ni ma na yi, amma Windows 11 a kan ram giga 4 da faifai mai juyawa kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Linux Mint, musamman na Xfce, yana tashi da giga 2, yana sakewa da giga 4, kuma Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Na'urar da ta tsufa ƙwarai, mai bit 32, ku gwada mata antiX. Shawarata ga mai irin wannan na'ura ita ce, duk abin da ya shafi intanet da imel da kalmar sirri ya yi shi ta Linux, ya bar tsohon Windows ga aikin da ba ya buƙatar layi.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya game da kirak. Takunkumin Amurka ya hau ƙasar nan a 1997, ba a ɗage shi ba sai Oktoban 2017. Shekara ashirin ke nan da ko kana da niyya da kuɗi sayen manhaja ta halal ya zama aiki, bayan ɗagewar ma ba kowa ke da katin biyan dala ba. A haka muka tashi, a haka muka koyi sana'a, kowa da faifansa na Windows da Office da ɗan makullin da ke buɗe su. Ba zargin kowa nake ba. Sai dai kowanenmu ya san ɗan makullin nan ba ya aiki sai ka kashe mai gadin na'ura, kuma babu wanda ya san abin da ke biyo bayansa ya shige. Linux ba ya buƙatar wannan. Linus Torvalds ya fara shi yana ɗalibi a Helsinki a 1991, lasisinsa kuma ya halatta maka ka kwafa, ka raba, ka girka wa mutum ɗari. Ubuntu, wanda Mint ya ginu a kansa, ɗan Afirka ta Kudu ne Mark Shuttleworth ya assasa shi a 2004. In mai sana'a ya samu hanyar cin abinci da babu haƙƙin kowa a ciki, ina ganin bai kamata ya raina ta ba.

Ƙwayar cutar filash kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Wadda take ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi, wadda duk filash ɗin da ya shiga shagon buga takardu sai ya fito da ita. A Linux ba ta motsi, don ba da harshensa aka rubuta ta ba. Ka sa filash, ka ga fayilolin da ta ɓoye a fili, ka ga ita kanta, ka share ta da hannu. Ku dai sani Linux ba ya kamuwa da ita amma yana iya ɗaukar ta ya kai wa wani, in ka kwafe ta tare da kaya.

Sannan layi. Mun ga Fabrairun 2024, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka koma bin Starlink ana biya da awa. Wanda ya biya awa guda don ya aika takarda ko ya ji muryar ɗansa a Jidda, bai biya don Windows ya cinye masa rabin lokacin da saukar da sabuntawa ba. Mint ba ya sabunta kansa sai ka ce masa. Yana kuma zuwa da LibreOffice a cikinsa tun daga girkawa. In ka ƙara wa ɗalibi Kiwix da Wikipedia ta Larabci ko ta Hausa, ya samu abin karatu ko babu layi. Ɗaliban Jami'ar Jazira da ta Sinnar masu karatun kwamfuta kuwa, ku matsa musu su koyi Linux da gaske, don mafi yawan sabobin da intanet ke zaune a kansu da shi suke aiki.

Duk da haka, kada ku cire Windows. Na ga samari da Linux ya shiga ransu suka riƙa share Windows daga na'urorin mutane, ƙarshenta suka sa jama'a suka tsani abin gaba ɗaya. Mai gyaran waya yana buƙatar Odin don Samsung. Mai zanen katin biki da allon shago yana buƙatar Photoshop da CorelDRAW. Wasu firintocin Canon, irin LBP2900 da ta cika shagunanmu, sai an sha fama kafin su yi aiki a Linux, alhali yawancin na HP ba su da wannan rigima. Takardar Larabci mai jadawali da aka tsara a Word, wani lokaci in an buɗe ta a LibreOffice layuka sukan goce, kuma ofis ba ya karɓar uzuri. Mutum ya zo da na'urar da yake cin abinci da ita, ba ka da ikon canja masa sana'a.

Yanzu ga inda hannu yake zamewa. Kwashe kayan mutum tukuna, kullum, ko ya rantse maka babu komai. Windows ne ake fara girkawa, Linux ya biyo baya, in ka juya Windows zai iya danne allon zaɓi na GRUB. Ka rage ɓangaren Windows daga cikin Windows ɗin kansa, ka ware wa Linux giga 40 zuwa 60 in faifan ya ba da hali. Ka kashe saurin tashi na Windows, don in yana kunne ba ya rufe faifai sosai, sai Linux ya ƙi rubutu a ɓangarensa. In na'urar tana da BitLocker, kada ka taɓa komai sai ka rubuta makullinta mai lamba 48 a takarda ka danƙa wa mai ita. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba, kuma in makullin ya ɓata babu gwanin da zai buɗe. In mai girkawa bai ga faifai ba, duba ko bayos yana kan RST, amma kada ka juya shi zuwa AHCI kai tsaye ba ka shirya Windows ba, in ba haka ba shi ma zai ƙi tashi. Kada kuma ka fara raba faifai da mataccen batir kana dogaro da wutar gwamnati. Jira rana ta yi ƙarfi a kan sola.

Akwai wata 'yar matsala da za ta dawo muku da mutane: agogo. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows yana ɗaukarsa lokacin gida. Mu tun Nuwamban 2017 muna gaba da lokacin duniya da awa biyu, don haka mutum zai fito daga Linux ya shiga Windows ya tarar agogo ya koma baya da awa biyu. Ga mai duba lokacin salla ko sahur a allo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Umarni ɗaya na timedatectl yana daidaita shi, ku yi kafin na'ura ta bar teburinku.

Kada ku yi wa kowa alkawarin da ya fi ƙarfin abin. Ɗakuna biyun a faifai ɗaya suke. In faifan ya mutu, ko aka ƙwace na'urar a hanya, duka sun tafi. Ku sa kowa ya sayi filash ko katin waya, ku kwafa masa takardunsa, ya ajiye a wani gida dabam, in da hali ya tura wa ɗan'uwa a Port Sudan ko Kano. Sannan ku zauna da shi minti goma, ya kunna da hannunsa, ya zaɓi ƙofa, ya nemo fayilolinsa, ya kashe. In dattijo ne ku sa masa harshen allo Larabci, ku bar Windows ya zama na farko a jeri.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi a wurina. In babu BitLocker, Linux yana buɗe maka fayilolin Windows ba tare da ya nemi kalmar sirrin mai su ba. Ke nan hotunan matan mutane da wasiƙunsu da lissafin bashinsu suna gabanka. Ka kwafi jaka a rufe, kada ka buɗe hoto, kada ka bar kwafi a naka faifan bayan an karɓi na'ura, kada ka bar yaron shago ya yi ta leƙe. Kun kuma san tun da aka fara yaƙin nan kayan wawaso sun cika kasuwanni. Za a kawo muku kwamfuta a ce a share ta tas, wanda ya kawo bai san kalmar sirrinta ba, bai san ko wace iri ce ba. A nan kaɗai nake ganin ya halatta ka duba, gwargwadon abin da zai nuna maka sunan mai ita da garinsu. In ka ji tsoron rigima da wanda ya kawo, ka ce masa aikin ya fi ƙarfinka, ka rubuta sunan da lambar jikin na'urar, ka kai wa limamin unguwa ko shehin ƙauye. Wataƙila mai ita yana Gadarif ko Kassala, ana ce masa ya kawo shahadarsa, kwafinta ɗaya da ya rage a duniya kuwa yana kan teburinka.

Wassalam. Ku gaishe mini da iyalai da yaran shago.

Yayanku a sana'a.