Kunnen Kamfanin Faifai da Sautin Sakkwato

A shekarar 2008 wani matashin makaɗin gita Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya sauka Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Ɗakin ɗaukar sautin da ya shiga irin na mawaƙan finafinan Hausa ne, don haka muryarsa ta fito da karkarwar na'urar nan da muka saba ji a waƙoƙin nanaye. Kundin bai shiga kasuwa ta hannun wani kamfani ba. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu, wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, har suka kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da "Tahoultine", ya bi sawun mai ita har ya same shi, ya sanya ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Shekara goma bayan haka, a 2021, kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da kundinsa Afrique Victime.

Akan ba da wannan labari don ƙarfafa gwiwar mawaƙi mai cin gashin kansa, kuma akwai gaskiya a ciki. Kamfanin faifai ba ya haifa wa mawaƙi masu sauraro. Waƙar da ta riga ta yi ƙafa yake bi. Haka abin yake tun zamanin Alhaji Mamman Shata, wanda sai da ya cika dandali da gidajen rediyo kafin kamfanoni irin su EMI su ɗora muryarsa a kan faifan garmaho.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka zubar a hanya. Mdou Moctar ɗin da duniya ta sani yau gwanin gitar lantarki ne, sautin Sakkwato kuwa an bar shi a baya. Wannan Sahel Sounds ɗin dai ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, amma ƙofar da ta buɗe wa mai gita ba ta buɗe wa masu fiyano ba. Sun ci gaba da dogaro ga masu shirya fim da gidajen biki da 'yan siyasa, wato ubangida a sabuwar riga.

Ba harshe ne ya jawo haka ba, domin mai sayen faifai a Amurka ba ya jin Tamashek kamar yadda ba ya jin Hausa. Dalilin, a ganina, shi ne gitar Abzinawa ta tarar da gurbi a shirye: ƙungiyar Tinariwen ta riga ta share fage, har ta ci kyautar Grammy a 2012, 'yan jarida kuma sun tanadi kalmomin bayyana wannan kiɗa. Waƙar nanaye, mai karin Indiya da kiɗan kwamfuta da baitin Hausa, ba ta dace da hoton "kiɗan Afirka na asali" da kamfanonin suka saba tallatawa ba. Abin da ba a san yadda za a bayyana shi ba, da wuya a zuba masa jari.

A nan ne laifinmu ya shigo, mu manazarta. Kundayen digiri sun cika ma'ajiyarmu a kan jigo da salo da zubi da tsari, amma waƙa a wurinmu matani ce da ake kwafewa a takarda. Kiɗan da ke ɗauke da ita sai a ambace shi a layi biyu a wuce. In aka cire ƙalilan irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, nawa ne daga cikinmu suka zauna a ɗakin ɗaukar sauti a Kano don ganin yadda mai fiyano ke gina kari kafin mawaƙi ya buɗe baki? Wasunmu ma har yanzu da ɗan yatsine fuska suke furta kalmar "nanaye". Ranar da wani kamfani zai nemi mai rubuta masa bayanin bangon faifan Nazifi Asnanic ko Fati Nijar, daga sassanmu ya kamata marubucin ya fito, kuma ya iya faɗin inda karin ya samo asali da yadda aka sarrafa shi.