Hunturu Ya Ƙarato: Motar Kai Yara Makaranta Ma Tana Son Shiri

Na san tun da iska ta fara juyawa kin fito da rigunan sanyin yara, kin tanadi man kaɗe da basilin saboda kaushi da faso. To, motar da ke kai su makaranta fa? Ita ma hunturu yana taɓa ta, kuma ba ta nuna gazawarta sai ranar da kika fi buƙatarta: ƙarfe bakwai ta gota, yara sun shige da jakunkunansu, ki murɗa mukulli ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru.

A Turai da Kanada ƙanƙara ce matsalar masu mota, har tayoyi na musamman suke sakawa. Mu a Kano sanyinmu bai kai nan ba, ko a Disamba da Janairu ruwa ba ya daskarewa a lagireto. Abu biyu ne ke cin motarmu: sanyin asuba da ƙura. Ƙurar nan iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma don tsabar laushinta babu kafar da ba ta shiga.

Ki fara da batir. Zafin bazara ne ke raunana shi a ɓoye, sanyi kuma ya tona masa asiri, domin da asuba ƙarfinsa yana raguwa, ga baƙin mai ya yi kauri, inji na neman ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Ki kai wa mai gyaran lantarkin mota ya auna. Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 idan mota na kashe, idan kuma ta tashi ya kamata a ga wajen 14, alamar yana samun caji. In kin ga farin gari ya taru a kawunansa, a goge a ɗaure su tamau. Wanda ya haura shekara uku kuma yana jan ƙafa da safe, kada ki jira ya ajiye ki a titi.

Sai matatar iskar inji. Ita ce hancin mota. A ciro ta ki ɗaga ta sama ta fuskanci rana. In haske ba ya ratsa ta, ta toshe, a sauya. Kada ki yarda a cire ta a ce mota za ta fi jan wuta, domin ƙurar da ta shige kai tsaye ita ke cinye inji a hankali. Motoci da yawa kuma suna da wata matatar ta biyu, mai tace iskar da ku kuke shaƙa a ciki. Galibi tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, kuma ba a cika tunawa da ita ba. In kina da yaro mai asma ko mai yawan mura, wannan ta fi komai muhimmanci. Ranar da hazo ya sauka ki rufe gilasai, ki danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a cikin motar, lokaci-lokaci ki bari sabuwa ta shigo.

Gilashin gaba kuwa, kada ki goge shi da busasshen tsumma, kuma kada ki kunna waifa a kan ƙura ba ruwa. Ƙurar kamar yashi take, tana karce gilashi, sai da daddare fitilun motoci su riƙa tarwatsewa a idonki. Ki cika tankin ruwan waifa, ki duba robarta, don tun ƙarshen damina take bushewa a rana. A cikin hazo ki kunna ƙaramar fitila ko da gari ya waye. Babbar fitila hazon take haskawa ta dawo miki ido. Ki rage gudu, ki bar tazara tsakaninki da ɗan adaidaita sahu, ki tuna da safiyar nan 'ya'yan wasu ma suna tsallaka titi.

Taya ma iskarta na raguwa idan gari ya yi sanyi. Ki biya wurin mai faci da safe kafin ta ɗau zafi, a auna duka har da safaya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ki riƙa duba wannan musamman in ta hannu za a saya miki. Ruwan lagireto ma a duba, don rana tana yin zafi ko a hunturu, amma ba a buɗe murfinsa sai inji ya huce.

Ga wanda nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Kada ki taɓa tayar da mota ki bar ta tana ɗumi a cikin gareji a rufe, balle a ce yara na ciki suna jiranki. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa jiri da barci, tana kuma kisa. A buɗe ƙofa tukuna, a fito da mota fili. Motocin yanzu ma ba sa buƙatar dogon ɗumi. Minti ɗaya ya isa, sai ki ja ta a hankali. Da tsadar fetur ɗin nan, kin ga riba biyu ke nan.

Duk kayan nan ana samun su a kasuwar Ƙofar Ruwa, sabbi da na hannu. In za ki je, ki tafi da bakaniken da kika yarda da shi, ko ki riƙe tsohon abin a gwada da sabon. Ki tambaya ƙarara: sabo ne ko ɗan Beljiyam? Batir da matata dai ki sayi sababbi, arha ba ta ado. Ki karɓi rasit, ki ji tsawon garantin batirin, kuma kada ki bar tsohon a banza, ana sayensa a rage miki kuɗi. In maigida ne ke kula da motar, ki tura masa wannan a wayarsa yau, ki kuma tambaye shi ranar da za a kai ta.

Da sanyin safiya ake kama fara, 'yar uwa. Ki ware Asabar ɗaya kafin sanyin ya kankama. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a gaida yara.