Takardar Koke Kan Manhaja, Jarrabawa da Bayanan 'Ya'yanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ilimi,
Majalisar Wakilai ta Tarayya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu iyaye ne da masu riƙon yara daga unguwa ɗaya a Arewa. A cikinmu akwai malamin makaranta, da tela, da mai sayar da hatsi, da zawarawa masu riƙon marayu. Kukanmu guda ne: ana yanke hukunci kan abin da 'ya'yanmu za su koya, da yadda za a jarraba su, da inda za a adana bayanansu, mu kuwa sai dai mu tsinci labari a rediyo bayan an gama. Mu ke biyan kuɗin rajista, mu ke kwana da yaron da ya faɗi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, gwamnati ta amince a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Mun yi murna, don mun san yaron da ya fara lissafi da Hausa yakan fahimci abin da yake yi, ba haddar aku kawai ba. Muka zuba ido muna jiran littattafai da malamai. Kafin su iso, a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci zalla. Da za a kawo shi ba a tambaye mu ba, haka da za a ɗauke shi. Haka aka yi da shekarun shiga jami'a: a 2024 aka ce sai 18, bayan 'yan watanni aka sauya minista aka dawo 16. Yarinyar da aka ce ta zauna gida ta jira, wa zai mayar mata da shekararta?

Batun jarrabawa shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Da sakamakon JAMB na 2025 ya fito, fiye da yara miliyan ɗaya da rabi sun gaza kai maki 200 cikin 400. Nan da nan aka hau zagin yaran zamani, wai waya ta cinye musu ƙwaƙwalwa. Sai ga shi ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya ce kuskuren na'ura ya taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Mun yaba masa, domin a ƙasar nan babba ya ce “na yi kuskure” abu ne mai wuyar gani. Sai dai mu duba abin da ya kai ga tonuwar kuskuren: iyaye ne suka cika intanet da kuka har aka sake dubawa. Da a ce yaran wani ƙauye ne da ba sabis, iyayensu ba su da bakin da za a ji, da shi ke nan, an rubuta musu faɗuwa sun haɗiye.

Ana wata ga wata. Ranar 28 ga watan Mayun dai, ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare, da fitilar waya da tocila. A watan Agusta hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kwanaki kaɗan bayan haka ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma 62.96. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai dubban gidaje da aka yi kuka a banza. Duk da haka ana shirin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta baki ɗaya. Ba mu ƙi kwamfuta ba. Muna dai da makarantun da yaro zai gama aji shida na sakandare bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba, wutar lantarki kuwa sai labari. Wannan yaron, a zauren jarrabawa, na'urar yake kokawa da ita kafin ya kai ga tambayar.

Sai abin da ba a cika magana a kai ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Yaro zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019, sannan ya je cibiya a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a haɗa da ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma. Da dama daga cikinsu ba su kai 18 ba. Da yawa cikinmu a shagunan intanet na bakin titi muke cike wa yara takardu, kuma ɗaya daga cikinmu, bayan ta yi wa ɗanta hakan a wani shago, wani baƙo ya kira ta ya ambaci cikakken sunan yaron, ya ce ta turo kuɗi a ƙara masa maki. Ina ya samo? Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta tanadi neman yardar uba ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, amma a cikinmu babu wanda aka taɓa karanta wa, da harshen da yake ji, wa ke riƙe da bayanan, shekara nawa, kuma wane kamfani aka ba kwangilar adana su. A Amurka an kafa wata ma'ajiyar bayanan ɗalibai mai suna inBloom da dala miliyan 100. Iyaye suka tashi, majalisar jihar New York ta yi doka, a 2014 ma'ajiyar ta rufe. Majalisa ce ta tsaya musu.

Don haka muke roƙo, ranka ya daɗe, bisa ikon bincike da sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ku, ku kira hukumomin jarrabawa su bayyana a fili kamfanonin da ke taɓa bayanan 'ya'yanmu da sharuɗɗan da aka gindaya musu. A yi doka cewa ba za a sauya manhaja, ko harshen koyarwa, ko salon jarrabawa ba sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a a kowace shiyya, da harsunan mutanen wurin, a kuma ba da wa'adin da zai ishi makarantu su shirya. Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai, saboda haka a sa majalisun jihohi a ciki. A ba kowane ɗalibi damar ganin takardarsa da ɗaukaka ƙara gaban wasu masu duba da ba na hukumar da ta yi makin ba, a kuɗin da talaka zai iya. Jarrabawar kwamfuta kuma a dakata da tilasta ta har sai an ƙidaya makarantun da ke da na'ura da wuta, an buga adadin kowa ya gani.

A shirye muke mu zo Abuja mu faɗi wannan da bakinmu in an kira mu. Allah ya taimake ku bisa amanar da kuka ɗauka.

Mu ne naku,
Iyaye da masu riƙon ɗalibai.